Wai da gaske Sinawa sun shekara dubu 10 suna cin shinkafa?

Ɗan Gulbi:
Salamu alaikum ƴan uwa. Ƙanena ne ya zo min da zancen daga lakwal, wai akwai wani wuri a ƙasar Sin mai suna Shangshan inda aka tono shaidar mutane na cin shinkafa tun shekara wajen 10,000. Ni abin da ya ɗaure min kai, shinkafar da in ka aje buhu ya kwana biyu sai ƙwari sun shige ta, ta yaya za ta kai wannan lokaci a ƙasa har a gane ta? Masu ilimi a warware mana.

Mushe Tarihi:
Wa alaikumus salam malam. Gaskiya ne yaron ya faɗa maka. Shangshan na lardin Zhejiang ne, kudu da bakin kogin Yangtze, a 2000 aka gano wurin. Amma ba buhun shinkafa aka iske ba fa, mafi yawa buntu ne. Mutanen in za su gina tukunya sai su cuɗa yumɓun da buntun shinkafa da ganyenta don kar ta tsage a wuta, kamar dai yadda magina ke zuba ƙaiƙayi cikin laka, to in ka fasa tsingaron sai ka ga buntun a ciki ya ƙone ya yi baƙi amma siffarshi na nan, shi ake aunawa da wani gwajin kimiyya da ake kira kabon 14 a san shekarun. Akwai kuma duwatsun niƙa da manyan kasake masu faɗin baki.

Bagobiri:
Mushe to amma ci daban noma daban ai. Ƙila ta daji suke tsinta a fadama.

Mushe Tarihi:
Nan kam ka taɓo inda masanan ma ke gardama. Ta daji da ta nuna take zubewa da kanta, ta gona kuwa tana riƙe a zangarniya sai an sussuke, kuma gindin ƙwayar na nuna ko da kanta ta faɗo ko ɓalle ta aka yi. Juyawar ta daji ta zama ta gona bai zo dare ɗaya ba, dubban shekaru ya ɗauka. Ko a Tianluoshan, wani tsohon mazauni da aka tono nan cikin lardin, wajen shekara 7,000 baya, mai riƙewar ba ta kai rabi ba, kuma har lokacin suna tara ƴaƴan itace da na ruwa suna haɗawa. Kusa da can ne wani tsohon mazaunin mai suna Hemudu da aka gano a 1973, mutanensa kam har da magirbin ƙashin kafaɗar dabba da gidajen katako bisa turaku saboda ruwa.

Uwar Biyu:
Ikon Allah. Kenan tamu ma daga can ta fito?

Mushe Tarihi:
A'a Hajiya, ba duka ba. Wadda ke cika kasuwa cikin buhu irin Asiya ce, amma Afirka na da nata iri, jar shinkafar nan, a fadamun kogin Neja cikin Mali aka fara nomanta wajen shekara 3,000 baya, babu hannun kowa daga waje.

Ɗan Gulbi:
Na gode mushe, bari yaron ya dawo in tambaye shi zancen buntun nan in ga ko ya sani.