Idan gwajin kwaikwayo ya wuce, sai an sake karanta kod ɗin Verilog?

Na Kawo: Jama'a, ra'ayina ke nan. An rubuta Verilog (yaren tsara da'irar lantarki) na mai ƙidayar lokaci don furosesa samfurin RISC-V mai bit 32, an gwada a manhajar kwaikwayo ta Verilator, komai ya wuce. Zaunar da masu kenal (zuciyar manhajar da ke tafiyar da na'ura) su bi shi layi-layi ɓata lokaci ne. Su jira FPGA, guntun da ake ɗora da'irar a kansa, su ɗora kenal ɗin FreeRTOS kawai.

Injiniya ta Barnawa: Yaya, gwajin ya kai minti nawa? Rajistar mtime, mai riƙe ƙidayar lokacin, bit 64 ce, furosesan kuwa 32 yake ɗauka a karatu ɗaya. A agogon 10 MHz, rabin ƙasa kan cika ya koma sifili bayan daƙiƙa 429, kusan minti bakwai. Gwajin milisakan kaɗan bai taɓa isa wurin ba. Dole kenal ya karanta rabin sama, rabin ƙasa, rabin sama kuma, idan na saman biyu sun saɓa ya sake.

Na Kawo: Wannan ai aikin masu manhaja ne, ƙanwata, ba na Verilog ba.

Malam na Tudun Wada: To ga na Verilog. Duba layin da ke kwatanta mtime da mtimecmp, rajistar da kenal ke rubuta lokacin da yake so a kira shi. `==` (daidai da) aka sa ko `>=` (ya kai ko ya wuce)? Ƙa'idar RISC-V ta ce katsewa, wato siginar da ke kiran kenal, na nan a kunne matuƙar mtime ya kai ko ya wuce mtimecmp. A gwajin da aka saba dukansu biyu za su wuce. Amma ranar da kenal ya makara ya rubuta lokacin da ya riga ya shige, mai `==` ba zai ƙara kira ba, bugun kenal ya tsaya, duk aikin da ke jiran lokaci ya kwanta. Allo na da wuta, fitila na ci, ba abin da ke motsi. Mai kenal ne zai gane haka nan take, don ya san yakan makara.

Na Rigasa: Ni dai ina tare da Na Kawo rabi. Sa `=` a madadin `<=` cikin sashen kod na `always` mai bin agogo, ko faɗin bit da bai dace ba, Verilator na kama su idan an kunna -Wall, zaɓin nuna duk gargaɗi. Kar a ɓata idon mutum a nan.

Injiniya ta Barnawa: Na yarda da wannan. Amma idan ƙidayar na kan agogon lu'ulu'u na 32.768 kHz, furosesa na kan nasa agogon, ta yaya aka ƙetaro da ita? Filif-fulof (ma'ajiyar bit guda) biyu a jere na isa ga sigina guda, ba ga bit 64 ba, don wasu bit za su iso kafin wasu. Kwaikwayo ba ya nuna wannan ko kaɗan. Ko a ƙetaro bugu ɗaya a ƙirga a gefen furosesa, ko a yi ƙidayar Gray, wadda bit ɗaya kaɗai ke canzawa a kowane mataki.

Na Kawo: Batun cikar rajista dai ba sai an taru ba. A fara mtime daga 0xFFFFFFF0 a gwaji, bugu 16 ya isa.

Malam na Tudun Wada: Yi hakan, ka ƙara na mtimecmp da ya riga ya wuce. Sannan ka nuna mana rajistar UART, sashen aikawa da karɓar bayanai ta layi: karantawa ce ke goge tutar katsewa, ko sai an rubuta 1? Idan karantawa ce, na'urar bin kuskure kaɗai ta leƙa ta, kenal ya rasa katsewar.