Muhawara: Da wayar hannu matasan Kenya suka kayar da ƙudurin haraji?

Auwal: Ni dai ra'ayina, waya ce ta tilasta wa Shugaba William Ruto janye ƙudurin harajin 2024. Matasa suka yi zanga-zanga ba jam'iyya, ba jagora, amma ranar 26 ga Yuni ya fito ya ce ba zai sa hannu ba.

Malama Hadiza: Ƙanena, duba ƙuri'ar majalisa tukuna. Kwanaki ana yi wa 'yan majalisa ruwan saƙonni, duk da haka ranar 25 ga Yuni 195 suka amince, 106 suka ƙi. Abin da ya girgiza Ruto ya faru ne bayan ƙuri'ar: jama'a suka kutsa harabar majalisa a Nairobi, 'yan sanda suka buɗe wuta, aka rasa rayuka. Jini ne ya yi wannan aikin.

Auwal: To Yaya, wa ya fito da jama'ar? Tun 18 ga Yuni gwamnati ta cire harajin kashi 16 cikin ɗari kan burodi da kashi 2.5 kan motoci daga cikin ƙudurin, kafin a kutsa majalisa. Kuma aikin yana da tsari. An yayyanka ƙudurin sashe-sashe, aka bayyana shi a TikTok cikin harsunan gida. An baza lambobin wayar 'yan majalisa, mutum ya tura shilin ɗaya ta M-Pesa, tsarin tura kuɗi ta waya, sunan mai lambar ya fito, ya tabbatar da wakilinsa yake magana. Kuɗin jinyar waɗanda aka harba ma ta intanet aka tara.

Malam Isuhu: Ku biyun kuna jayayya kan Yuni, alhali matsalar tana Yuli. Ranar 11 ga wata Ruto ya sallami kusan dukkan ministocinsa, aka yi ta murna. Kafin watan ya ƙare ya jawo mutum huɗu daga jam'iyyar adawa ta ODM ta Raila Odinga, har John Mbadi ya zama ministan kuɗi. Matasa suka yi noma, 'yan adawa suka kwashe amfanin gona, domin da aka zo rabo ba wanda zai zauna da sunansu. A Disamba wasu harajin suka dawo cikin wata doka daban, ba hayaniya.

Malama Hadiza: Ga kuma batun kiranye. Sashe na 104 na tsarin mulki ya ba masu zaɓe damar dawo da ɗan majalisa gida, an ma fara tattara sa hannu. Sai dai hukumar zaɓe, IEBC, ba ta da kwamishinoni tun Janairun 2023, ba a cike gurbin ba sai Yulin 2025. Wa za ka miƙa wa takardar?

Auwal: Malam, rashin jagoran nan da gangan ne. Jagora ɗaya ana iya saye shi ko a ɗaure shi.

Malam Isuhu: Amma ai an yi ta sace masu faɗa a ji a dandalin X duk da haka, wayar da suke gangami da ita ce ke nuna inda suke. Ni gwajina zaɓen 2027 ne: matasa nawa suka yi rajista, kuma wakilai nawa za su iya ajiyewa a rumfunan zaɓe har a gama ƙidaya a sa hannu kan takardar sakamako.