Wa ya taɓa ganin kiranyen sherif a garinsu? Ku zo mu ji

Ɗan Gwandu:
Salamu alaikum jama'a. Jiya bayan la'asar wata dattijuwa baturiya ta ƙwanƙwasa min ƙofa da takardu a hannu, wai suna tara sa hannu za su yi wa sherif ɗin kaunti ɗinmu kiranye, wato shugaban 'yan sandan ƙaramar hukumarmu da jama'a ke zaɓa. Ina wani ƙaramin gari ne a gabashin jihar Oregon a Amurka, duk gonaki ne da shanu, fitilar kan hanya ma guda ɗaya gare mu. Na ce mata ta dawo jibi. Ni girin kad gare ni, wato takardar izinin zama kawai, madam ce ta samu zama 'yar ƙasa. Dan Allah wanda ya taɓa shiga irin wannan ya faɗa mana yadda ta kaya.

Direban Tirela:
Wa alaikumus salam. Malam kar ka kuskura ka taɓa biron nan. Takardar ta masu rajistar zaɓe ce kawai, kai kuwa ba ka da ƙuri'a, kuma suna bin sunayen ɗaya bayan ɗaya a ofishin zaɓe na kaunti. Ranar da za ka je neman zama ɗan ƙasa kar abu ya zo ya tsaya maka a wuya saboda wata tsohuwa ta yi maka murmushi. Madam ita ta ga dama. A Oregon ɗin naku ba sai an kawo wani laifi ba ma, in an samu sa hannun kashi 15 cikin ɗari na ƙuri'un da aka kaɗa a zaɓen gwamna a kauntin cikin kwana 90 shi ke nan, ko dai ya sauka da kansa cikin kwana 5 ko a je akwati.

Maman 'Yan Biyu:
Ni dai na gani da idona, ina Kennewick a jihar Washinton lokacin da aka cire Jerry Hatcher, sherif ɗin kauntin Benton, a watan Agustan 2021. Abin da ya ba ni mamaki yaransa ne da kansu suka fara, wani sajan a ofishinsa shi ya shigar da takardar, cikin zarge-zargen har da maganar dubban harsasai na kaunti da aka ce an samu a gidansa. Mu nan ba kamar Oregon ba ne, dole sai ka rubuta laifin da kake zargi alƙali ya duba ya ce eh ya isa, wannan ma sai da ta kai kotun ƙolin jiha kafin aka bar su su fara tara sa hannu. Ga korona ana ciki, sai ka ga tebur a bakin titi da 'yar rumfa, mutane na tsayawa da mota su sa hannu su wuce. Ƙuri'ar ta gidan waya ta zo min, na baje ta a teburin kicin ina yanka albasa ina karantawa, har yanzu ina tuna ambulan ɗin ya yi tabon manja. Kusan kashi uku cikin huɗu suka ce ya tafi, kwamishinonin kaunti suka naɗa wani ya riƙe.

Ɗan Gwandu:
Ikon Allah. Hajiya ba ki ji tsoro ba? Gsky abin da ke damun madam ke nan. Garin nan kowa ya san kowa, mu kaɗai ne baƙar fata a layinmu, ɗaya daga cikin yaran sherif ɗin ɗansa ajinsu ɗaya da ɗanmu Hanif.

Maman 'Yan Biyu:
Yaya ai Benton mutum wajen dubu 200 ne, wa ya san ni. Kuma ni ƙuri'a na kaɗa, ita sirri ce. Sa hannu a takarda shi ne daban, sunanka da adireshinka ne ɓaro-ɓaro, mai zuwa bayanka ma yana gani.

Bazazzagi a Kolorado:
Nan ne gizo ke saƙar. Mu an gwada a kauntinmu, ba zan faɗi suna ba, can ne wajen tsaunuka, a lokacin ina aiki a gidan mai na bakin hanya. Dokar nan kashi 25 ce na ƙuri'un da aka kaɗa wa kujerar a zaɓen baya, kwana 60 kacal. Makon farko kamar da gaske, kowa ya shigo sayen kofi sai ya zagi sherif, wai an kira su kan satar shanu sai bayan awa biyu suka zo, wai kuɗin gidan yari ba a san inda ya shiga ba, amma da an miƙo biro sai ka ga mutum ya fara laluben makullin motarsa. Wani manomi da muke shiri ya ce min shi in gobara ta tashi a gonarsa cikin dare ko matarsa ta faɗi, motar sherif ce za ta fara isowa, ba wani ɗan sanda a mil 40. Kuma shi ke riƙe da gidan yari, shi ke kai takardar tashi in ka kasa biyan haya, to wa zai so sunansa a wannan takarda. Kwana 60 suka cika ba su kai ba. Abin haushin ma bayan nan mutanen gari sun fi wata shida ba sa ga maciji, mata biyu da ke zuwa cocin da ke kusa da mu suka daina shiga mota ɗaya. Da wa'adinsa na shekara 4 ya cika sai ga shi ya faɗi zaɓe, su waɗancan masu laluben makulli su suka kayar da shi.

Direban Tirela:
Hhhh ku kuna ma da dama. Mu a Teksas babu kiranyen jami'in kaunti sam, sai dai a kai ƙara kotu alƙali ya cire shi.

Ta Sabon Gari:
Ni fa da na fara zuwa na ɗauka sherif ɗin nan wani sharifi ne wlh, sai da aka yi min bayani cewa kamar a ce DPO ne amma jama'a ke zaɓensa. A gida kiranye sai 'yan majalisa, kuma sai fiye da rabin masu rajista sun sa hannu, shi ya sa na Dino Melaye ya rushe a 2018 da aka zo tantancewa kashi 5 da ɗoriya kawai aka samu, na Natasha ma a 2025 INEC ta ce bai cika ba. Duk a Kogi kuma, ko me ke cikin ruwansu oho.

Ɗan Gwandu:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na karanta wa madam duka. Ta ce ba za ta sa hannu ba amma in ambulan ya zo ta san abin da za ta yi, na tambaye ta me, ta ce ai Hajiya ta ce sirri ne. Tsohuwar kuma ba ta jira jibin ba, ɗazu ta dawo, na ce mata ni ba ɗan ƙasa ba ne, ta ba ni haƙuri har sau uku, ta bar mana kabewa biyu daga lambunta.