Yatsan Baba ya kumbura bayan layya: ƙaho ko ƙwayar likita?

Sadiya, Aboabo: Assalamu alaikum. Kwana uku bayan layya Baba ya farka tsakar dare, babban yatsan ƙafarsa ya kumbura ya yi jawur, ko mayafi ba ya son ya taɓa wurin. An auna jininsa, likita ya ce gawut ne, yurik asid ya yi masa yawa. Ya rubuta colchicine, maganin kwantar da kumburin, na 'yan kwanaki, ya ce bayan nan sai allopurinol mai rage yurik asid kullum, ba fashi. Baba ya ce shi ba zai ƙare rayuwarsa da haɗiyar ƙwaya ba, ya kira wanzami ya yi masa ƙaho ran Asabar. Ga shi yana shan maganin hawan jini. In hana wanzamin ko in ƙyale?

Alhaji Mumuni: Wa alaikumus salam 'yata. Sanyi ne. A gasa masa ƙafar da ruwan zafi, a shafa man kaɗanya.

Nas Rabi: Alhaji, a gafarce ni, ba sanyi ba ne. Yurik asid ne ke daskarewa cikin gaɓa kamar ƙananan allurai, ƙaho kuwa ba ya zuƙo su. Sadiya, naɗe ƙanƙara a tawul ki ɗora masa minti 15, ya ɗora ƙafar kan matashi, ya yawaita shan ruwa. Ki kai wa likita kwalin maganin hawan jinin ya gani, masu sa yawan fitsari irin su bendro suna ƙara yurik asid.

Yakubu Tafo: Yayana direban Kumasi zuwa Tamale ne, Allah ya jiƙansa. Duk sanda ƙafar ta tashi sai ya tsaya Techiman ya sayi maganin rage zafin ciwo, diclofenac, ya haɗiye biyu, ya kama sitiyari. Shekara huɗu yana haka, ba wanda ya ce masa ya je a auna shi. Da fuskarsa ta fara kumbura muka ɗauka ƙiba ce. Ashe ƙoda ce ta lalace. Wankin ƙoda sau biyu a mako, muka sayar da motar, muka sayar da filin Mama. Cikin azumi ya rasu, ya bar 'ya'ya biyar. Har yau in na wuce ƙofar kemis ɗin nan gabana sai ya faɗi.

Hajiya Fati: Innalillahi. Allah ya raya marayun. Shi ya sa nake tsoron maganin Bature.

Nas Rabi: Hajiya, abin da yayan Yakubu ya sha ba bisa ƙa'ida ba daban, allopurinol daban. A farkon shan allopurinol ciwon kan iya motsawa, kada Baba ya daina. Amma in ƙuraje suka feso masa, a tsaya a koma asibiti a ranar.

Alhaji Mumuni: Shekarata 71, tun kafin a haife ki nake fama da ƙafa.

Bashiru: To Alhaji, ai ga shi har yanzu ba ta warke ba.

Sani mahauci: Ku dai kada ku ɓata mana kasuwa, kowa ya kumbura sai a ce hanta da kayan ciki. Lemon kwalbar da kuke ɗurawa a gidan biki fa?

Nas Rabi: Duka biyun, Malam Sani. Har da sadin na gwangwani.

Bashiru: Allopurinol na wata guda sidi 30 na saya wa kawuna kusa da Kejetia.

Hajiya Fati: Ina! Sidi 75 aka karɓa hannun maigidana makon jiya.

Iddirisu Asawase: Ni da katin inshorar lafiya aka ba ni, ko kwabo ban biya ba.

Yakubu Tafo: Ka taki sa'a. Mu tun asuba muke kama layi, azahar ta yi a ce maganin ya ƙare, je ka saya waje. Kemis ɗin kuma yana nan bakin ƙofa, cike da shi.

Hajiya Fati: Nawa katin ma na sabunta a waya, aka cire kuɗina, na je aka ce bai hau ba.

Sadiya, Aboabo: Jama'a, wanzamin ya bugo waya yanzu, ya ce ƙarfe bakwai na safe yana tafe.

Iddirisu Asawase: Hajiya, saƙon tabbatarwa ya shigo miki bayan kin biya?