Manyan baburan doguwar hanya marasa kuloci: wa ya taɓa hawa a nan Maraɗi?

Ɗan Bagalam:
Assalamu alaikum 'yan uwa masu manyan babura. Ina son in ji daga bakin waɗanda suka hau da kansu, ba wanda ya kalla a YouTube ba. Sana'a tana yawan kai ni Yamai da Damagaram, shi ya sa na yi niyyar sayen babban babur na doguwar hanya, irin mai gilashin tare iska da akwatuna gefe biyu. Mai kawo min daga Lome ya turo hotunan guda biyu, FJR1300AS ta Yamaha da VFR1200F mai DCT (tsarin giya mai kuloci biyu da kwamfuta ke sarrafawa) ta Honda, kuma duka biyun babu hannun kuloci ko kaɗan. To abin da ke damuna, yaya suke cikin rairayin unguwa? In sun tsaya a hanya wa ke gyarawa? Don Allah wanda ya sani ya faɗa min gaskiya tun kuɗɗina ba su hita ba.

Alhaji mai FJR:
Wa alaikumus salam ƙanena. Irin ta farkon nake hawa, kuma abu na farko da za ka gane, ita ba otomatik ba ce. Kai ne ke sa giya, ko da ƙafa ko da ɗan maɓalli ƙarƙashin hannun hagu, abin da kwamfutar ke yi kawai shi ne ta kama kuloci ta saki a madadinka. Yamaha sun fito da tsarin a 2006, suna ce mai YCC-S. Firi ɗinta yana can ƙasa, duk giyoyin sama ake ɗagawa, sai ƙafarka ta ɗan saba.

A kan kwalta kam ba ni da abin cewa sai alhamdulillahi. Daga nan zuwa Yamai ya haura kilomita 600, kuma duk wanda ya san hanyar ya san ba gudun ke gajiyar da mutun ba, tsaye-tsayen ne, Tibiri, Gidan Rumji, Madawa, Ƙwanni, Dogon Dutsi, kowane gari da tudun rage gudu da shingen jandarma da amalanke, in ka faɗa ranar kasuwa ma sai addu'a, kana ta sauko da giya kana maidawa, da babur mai kuloci kafin ka kai Doso hannun hagu ya yi tsami. Da wannan yatsa ɗaya nake taɓawa. Tankinta lita 25, kuma shaf gare ta ba sarƙa ba, ba ruwanka da wanke sarƙa bayan ƙura.

Inda sai ka koya shi ne tahiyar hawainiya da juyawa a lungu. Nauyinta ya kusa kilo 300, kuma ba ka da kulocin da za ka riƙe rabi. Dabarar ita ce ka ba da wuta kaɗan ka riƙe ta wuri ɗaya, ka danne birkin baya da ƙafa, da birkin kake daidaita tahiyar ba da totur ba. Birkin gaba kar ka taɓa shi in kan babur na karkace.

Kawu mai Mate:
Ku yara kuna magana kamar jiya aka fara. Mu da Yamaha Mate muka tashi, babu hannun kuloci, ka rage wuta ka taka giya ka wuce, kuma Honda tun 1958 suka yi Super Cub haka. Roba-robar da mata ke zuwa aiki da ita yau ma haka take. Amma na yarda da Alhaji kan nauyi, Mate in ta karkace ƙafa ɗaya ke tare ta, waccan kuwa sai an taru a ɗaga.

Na Tasawa:
Kawu Allah ya ƙara girma, bambancin shi ne Mate juyin inji ke kama kulocinta da kansa, waɗannan kuwa kwamfuta ce. Ni NC750X mai DCT gare ni, ba ta kai girman waɗanda ake magana ba amma tsarin ɗaya ne da na VFR, don a kan VFR1200F ɗin ne Honda suka fara sa shi a 2010. Kuloci biyu ne a ciki, ɗaya na giya 1, 3, 5, ɗaya na 2, 4, 6, kafin ka bar wannan giyar waccan ta riga ta shirya, shi ya sa ba ka jin wannan ɗan fizgar. Uwargida ce ta fara lura, ta ce tunda na canza babur hular kwanonta ba ta ƙara bugun tawa ba.

Akwai D na tahiyar yau da kullum akwai S na zafin gudu, duka ita ke canza giya da kanta, akwai kuma inda kai ke canzawa da maɓalli. D na saurin hawa babbar giya don tsimin mai, cikin gari ni ban cika son shi ba, S nake sawa. In zan wuce tirela tsakanin Agye da Gazawa, ko a D nake sai in danna maɓallin rage giya sau ɗaya ko biyu in wuce, bayan nan ita ke komawa da kanta.

Abu biyu ka riƙe. In ka kashe inji firi take komawa, ba za ka bar ta cikin giya ta tsaya a gangare ba, sai ka ja birkin ajiya. Na biyu kuma shi ya fi muhimmanci, in tana D tana tsaye shiru take kamar tana firi, yaro ya zo ya murɗa totur ta tahi. Mu da yara ke kewaye babur da zarar ka tsaya, ka maida ta N, wato firi, kafin ma ka cire hula.

Ɗan Ali Ɗan Sofo:
Ni dai a yi haƙuri ban tare da ku. Abokina ya ba ni tashi na zagaya da ita, kan kwalta daɗi ba magana, amma da na shigo layinmu bayan an yi ruwa, inda rairayi ya taru a bakin hanya, hannuna sai neman kuloci yake yana kama iska. Cikin rairayi da kuloci nake magana da tayar baya, in ji ta fara haƙa in ɗan ja, in ji ta kama in saki, wannan abin a yatsu yake ba a birki ba. Kuma ku duba, waɗannan baburan don kwaltar Turai aka yi su, tayoyinsu inci 17 ne masu faɗi, cikinsu kusa da ƙasa. Mu kuwa ko gidanka na tsakiyar Maraɗi sai ka taka ƙasa kafin ka hau kwalta, balle a ce biki ya kai ka wani ƙauye bayan Madarumfa.

Abin da na fi so shi ne kuloci na nan, a ƙara kwikshifta, na'urar da ke sa kana kan gudu ka ɗaga giya ba ka ja komai ba, ka zo wurin wuya hannunka na da abin kamawa. Honda ma sun yi E-Clutch a 2024 kan CB650R da CBR650R, hannun kulocin na nan, in ka so ka ja in ba ka so ba ita ta yi maka. Ranar da irin wannan ya iso kan babur na doguwar hanya da kuɗin da za mu iya, ni ne na farko a layi.

Baban Nana:
Yaya na ji maganarka kuma gaskiya ce ga mai lafiyar hannu. Ni tun da na samu karaya a wuyan hannun hagu ba na iya matse kuloci na dogon lokaci, har na haƙura da babban babur na koma shiga bas. DCT ce ta maido ni kan hanya. Ranar da na kai Damagaram da kaina na dawo hannuna bai kumbura ba, ni kaɗai na san abin da na ji. Rairayin ma ana sabawa, giya ɗaya nake kulle ta da maɓalli don kar ta canza min a tsakiya, in zauna baya-baya in bar kan ya yi rawarsa.

Bakanike na Sabon Gari:
Maigida Ɗan Bagalam, ni ba ni da ko ɗaya amma suna zuwa hannuna, to bari in faɗa maka ta ɓangarenmu. Ƙarfen ciki ba shi ke ba mu wahala ba, wuta ce. Duk waɗannan baburan rayuwarsu na kan batir, kuma zafin Afirilu da Mayu na nan cin batir yake, ga shi in ya mutu ba a tura su su tashi kamar Kasea, don ba mai kama kuloci ya saki in babu wuta. Ka sayi ƙaramin abin tada batir ɗin nan ka aje cikin akwati, kar ka hita gari ba shi.

An taɓa kawo min wani babba marar kuloci, ba sai na faɗi irinsa ba, ya ƙi shiga giya gaba ɗaya yana ta nuna lamba a allo, mai shi har ya fara maganar a sauke inji. Ashe soket ɗaya ne ruwa ya shiga wurin wanki da injin feshi, ya yi tsatsa. Gyaran bai ci komai ba amma gano shi ya ci kwanaki, don ba mu da na'urar karanta lambar, sai da muka bi wayoyin ɗaya bayan ɗaya. In da sansa ce ta mutu kuwa sai dai a yi oda daga waje a zauna jira, ko Kano ba kullum ake dacewa ba.

Mai DCT ya sani filtar baƙin mai biyu gare shi, akwai ta inji akwai ƙarama ta kuloci, kuma da matsin man injin kulocin ke aiki, don haka mai na babur mai alamar JASO MA za ka zuba, ba na mota ba, ba na aunawa a kwalba ba. Fetur ma haka, injeksiyo ne, ruwa-ruwan bakin hanya in ba ka san mai shi ba ka bari ka kai gidan mai.

Alhaji mai FJR:
Maganar batir gaskiya ce, ni ba na jira ya nuna gajiya nake canzawa. Ƙanena ka tambayi shekarar FJR ɗin. Daga 2013 suka gyara ta sosai, totur ya koma na lantarki, aka sa mata abin riƙe gudu, kuma tana iya sauko da giya zuwa ɗaya da kanta in ka zo tsayawa. Ta kafin nan kai za ka sauko da ita. VFR kuma tankinta bai kai lita 20 ba kuma zaman ta ya fi duƙawa gaba, ka lissafa wannan da bayanka da nisan gidajen man da ka yarda da su. In kana gari ranar Asabar ka zo bayan la'asar ka gwada tawa a fili kafin ka tura ko dala.

Ɗan Bagalam:
Allah ya saka da alheri Alhaji, in sha Allahu zan zo. Na tambaya ya ce ta 2014 ce. Malam Bakanike, mi zan ce ya duba min a can kafin a ɗora ta?

Bakanike na Sabon Gari:
Ka ce ya yi maka bidiyo da safe inji na sanyi, ya kunna makulli ya nuna allon har fitilun gargaɗi su mutu, kar wata lamba ta tsaya wurin giya. Sannan ya hau ya tashi a hankali ba tare da ya murɗa da ƙarfi ba, ka ji ko tana kakkarwa wurin kamawa, ya bi giyoyin duka sama da ƙasa, da ƙafa sau ɗaya da maɓalli sau ɗaya. Ya nuna maka man kulocin, don FJR ɗin ma akwai ɗan tankin mai a ɓoye duk da ba hannu, in ya yi baƙi an daɗe ba a canza ba. Makullai kuma ka tabbatar ja ɗin nan na cikinsu, shi ne uwar makulli, in babu shi ranar da ka ɓatar da baƙin ba mai yanka maka wani ya tashi. Filtar mai da ta iska da takalman birki ka sa ya haɗo maka cikin kaya ɗaya tun daga can, ka kawo min ita kafin ka kama hanyar Yamai.