Muhawara: Shin .copy() ta wadatar wajen kwafar jeri (list) a Python, harshen rubuta manhajar kwamfuta?

Ɗan Mabera: Assalamu alaikum. Ina nan a kan bakana cewa mai son kwafar jeri a Python ya rubuta b = a.copy() ya huta, domin tun da aka shigo da ita a Python 3.3 a shekarar 2012 babu dalilin wahalar da kai da deepcopy, wato hanyar kwafi mai zurfi da ke kwafar har abin da ke cikin jerin. Abin gudu shi ne b = a, wanda ba kwafi ba ne, suna na biyu ne aka raɗa wa jeri guda.

'Yar Runjin Sambo: Wa alaikumus salam. Yaya, na yarda da maganar b = a, amma sauran ban yarda ba, domin na gani da idona. Ina ajiye makin ɗalibaina a babban jeri, kowane ɗalibi da ƙaramin jerinsa a ciki, kamar [62, 48, 71]. Na kwafa da .copy(), na ƙara maki 5 a kwafin don gwaji, da na koma kan na asali sai na tarar 48 ta zama 53. Saura kaɗan in buga sakamakon a haka, kuma wannan haƙƙin yara ne.

Malam na Ƙanwuri: Malama ta yi gaskiya. Abin da .copy() ke yi shi ne ɗinka sabon buhu, amma ƙulle-ƙullen da ke ciki na dā ne, hannu biyu ne ke riƙe da su. Ku rubuta b[0] is a[0], wato tambayar ko ƙullin farko na b shi ne na a, za ku ga True, ma'ana abu guda ne. Haka a[:] da list(a) suke, duk kwafin sama-sama ne, alhali copy.deepcopy tana bin kowane ƙulli ta sake shi sabo.

Ɗan Mabera: Allah ya gafarta Malam, ai deepcopy tana da nauyi, kuma idan jerin lambobi ne zalla ko rubutu, waɗanda ba a iya sauya su a inda suke, babu abin da za ta ƙara sai jinkiri.

Malam na Ƙanwuri: Wannan haka yake, amma ka ga yanzu ka gindaya sharaɗi, wanda da farko ba ka yi ba.

'Yar Runjin Sambo: Ni dai tunda jerina hawa biyu ne kacal, na koma rubuta b = [x[:] for x in a], na sake gwajin, 48 ta tsaya a inda take.