Muhawara: korar ƙara don mai ƙara bai zo ba, adalci ne ko zalunci?

Nasiru: Jama'a ni fa ina nan kan bakana, alƙali ya kori ƙara don kawai mai ƙara bai halarci zama biyu uku ba zalunci ne. Ba a ji shaidu ba, ba a duba takardar fili ba, sai wanda aka kai ƙara ya fito yana gaya wa unguwa wai kotu ta ba shi gaskiya.

Hajiya Binta: Ɗana gefe ɗaya kake kallo. Shi wanda aka kai ƙara fa? Ya rufe shago, ya biya kuɗin mota, ya biya lauya kuɗin zama, ya zauna kan benci tun ƙarfe tara har azahar, a kira fayil a ce mai ƙara bai zo ba a ɗaga, wata mai zuwa ma haka. Wallahi akwai masu shigar da ƙara don kawai gida ya tsaya, ba a sayarwa ba a ginawa, marayu na kallo.

Barista Aminu: Nasiru korar ƙara iri biyu ce. In cire ta aka yi daga jerin shari'o'i ƙofa a buɗe take, lauya ya shigar da roƙo ya faɗi uzurinsa a dawo da ita, galibi a sa shi ya biya ɗaya ɓangaren kuɗin ɗawainiya. Wannan ba ta ba kowa fili ba, duk mai cewa ya ci shari'a da ita yaudarar mutane yake. Amma akwai inda kora ke zama ta ƙarshe. A Kotun Ɗaukaka Ƙara kwana 45 ake ba mai ɗaukaka ya shigar da bayanin hujjojinsa bayan ya karɓi kundin shari'a, in ya yi sakaci har aka kora don haka to wannan kotun ta gama da ita. Ƙarar zaɓe ta fi tsanani, kwana 21 na shigarwa, kwana 180 na yanke hukunci, ba a ƙara ko yini.

Nasiru: To ka ji Barista, lauya ya yi barci, talaka ya rasa haƙƙinsa.

Malam Isa: Malam Nasiru ko a Musulunci ba a bar mai da'awa ya ja mutum har abada ba. A wasiƙar Sayyidina Umar ga Abu Musa al-Ash'ari ya ce wanda ya ce hujjarsa ba ta kusa a yanka masa wa'adi, in ya kawo a ba shi haƙƙinsa, in bai kawo ba a yi hukunci a kansa.

Nasiru: Allah ya gafarta Malam na yarda, amma ai wa'adin an gaya masa shi ne. Mu nan alƙali ba ya zama, a ɗaga shari'a ba kowa a wajen, masinjan kotu bai kai takarda ba saboda ba a ba shi na mai ba, mutum yana ƙauye bai san ranar ba sai labari ya ji.

Barista Aminu: Nan kam ina tare da kai ɗari bisa ɗari. In ba a kai masa sanarwar ranar zama ba duk abin da aka yi ran nan rusasshe ne, sashe na 36 na tsarin mulkin 1999 ya ba kowa haƙƙin a saurare shi. A je wajen rajistara a duba fayil, in babu shaidar an kai takardar, ita kotun da kanta tana iya soke umarninta.

Zainab: Yaya Nasiru ku kuna maganar fili, ku tuna da na gidan yari. Mutum na tsare, ɗan sanda mai gabatar da ƙara yau ba shaida, gobe fayil na ma'aikatar shari'a, jibi an yi wa mai bincike canjin wajen aiki. In alƙali ba shi da ikon korar irin wannan yaushe zai fito? Dokar ACJA ta 2015, wato dokar tarayya ta tafiyar da shari'ar laifuka, ma cewa ta yi kowane ɓangare kada ya wuce ɗage zama sau 5, tsakani kuma kada ya wuce kwanakin aiki 14, amma je ki kotu ki gani Hajiya, abin tausayi.

Barista Aminu: Haka ne, sai dai a sani sallama ce ba wankewa ba, ana iya sake gurfanar da shi.

Nasiru: Wannan ne ma ya fi ci mini rai. Gwamnati ta yi sakaci ta dawo duk sanda ta ga dama, ni kuma in jami'inta ya cuce ni a bakin aiki wata 3 kacal doka ta ba ni in shigar da ƙara, wasu hukumomin ma sai na ba su notis na wata guda kafin in shiga kotu.

Hajiya Binta: Wannan ƙorafin naka gaskiya ne ɗana, amma da masu yin doka kake, ba da alƙalin da ya sallami mutumin da ya gaji da zarya ba.

Nasiru: Hajiya matsayata yanzu ita ce kada a kori ko wace ƙara sai alƙali ya ga shaidar an kai sanarwa da idonsa, kuma a kai wa shi mai ƙarar kansa, ba lauyansa kaɗai ba. Barista hakan zai yiwu?

Barista Aminu: Ta farkon ita ce ƙa'ida tun asali. Ta biyun kam in mutum yana da lauya, kai wa lauyan ya wadatar a wajen kotu, sai in an sauya dokokin kotunan.